Yadda Ake Samun Bashin Gida na USDA a Karkarar Amurka, da Abin da Zaman Can Yake Ci

Duk wanda ya kwashe shekaru yana biyan haya a Bronx ko Houston ko Greensboro ya san ciwon ranar ɗaya ga wata. Kuɗi na fita, gida na wani. Da yawa daga cikin mutanenmu za su iya biyan bashin gida wata-wata, tunda hayar da suke biya ma ta kai hakan. Inda gizo ke saƙar shi ne kafin alƙalami. Gidan dala 220,000, ko ta hanyar FHA, hukumar gwamnati mai tsaya wa masu cin bashin gida, aka bi, sai an ajiye kashi 3.5 cikin ɗari, wato dala 7,700, ban da kuɗin takardu. Ga mai aika kuɗin makaranta da na magani gida duk wata, tara wannan ba wasa ba ne.

Akwai wata hanya da ba ta neman kafin alƙalami ko sisi, kuma gwamnatin tarayya ce ke bayanta. Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda aka fi sani da USDA, tana da sashen raya karkara, kuma tun dokar gidaje ta 1949 aka ɗora mata taimaka wa mazauna karkara su mallaki muhalli. Shirin yana ƙarƙashin Sashe na 502 na wannan doka. Sharaɗinsa biyu ne manya: gidan ya kasance a wurin da ma'aikatar ta kira karkara, kuma kuɗin da ke shiga gidanka kada ya wuce iyakar da aka gindaya. Sauran duk bayani ne.

Kafin mu shiga, magana ɗaya da ba zan ɓoye ba: bashin nan da kuɗin ruwa yake. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya zauna da malamin da ya yarda da shi tun kafin ya cika takarda ta farko. Akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da ke sayen gida bisa tsarin Musulunci, amma su sukan nemi kafin alƙalami, kuma hanyarsu daban ce da wadda zan yi bayani.

Mataki na farko: ka san wace ƙofa ce taka

Ƙofa biyu ce, kuma mutane na yawan cakuɗa su.

Ta farko sunanta Guaranteed. A nan banki ne ko kamfanin ba da bashin gida ke ba ka kuɗi, USDA kuma ta tsaya maka. Idan ka kasa biya, gwamnati za ta rufa wa bankin asarar har kashi 90 cikin ɗari na bashin. Wannan lamunin ne ya sa banki ke yarda ya ba da cikakken kuɗin gida ba tare da ka ajiye komai ba. Shekara 30 ake biya, kuma kuɗin ruwan ba ya hawa ba ya sauka. Masu matsakaicin samu ake nufi da ita: waɗanda kuɗin gidansu bai haura kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin ba.

Ta biyu sunanta Direct. Ita USDA ce da kanta ke ba da bashin, babu banki a tsakani. An ware ta ne don masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda samunsu ke ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin yankin. Ana biya cikin shekara 33, wani lokaci har 38 ga wanda samunsa ya yi ƙasa sosai, kuma akwai tallafin da kan iya sauko da kuɗin ruwa zuwa kashi 1 cikin ɗari. Sai dai tallafin ba kyauta ba ne har abada. Ran da ka sayar da gidan ko ka daina zama a ciki, za a nemi ka mayar da wani ɓangare nasa ko duka, gwargwadon ribar da gidan ya yi. Kuma layin Direct yakan yi tsawo, domin kuɗin da majalisa ke ware masa duk shekara yana ƙarewa.

Mafi yawan ma'aikata masu albashi, direbobin manyan motoci, masu jinya, masu aikin masana'anta, ta ƙofar farko suke shiga. A kanta zan fi tsayawa.

Mataki na biyu: adireshi, ba sunan gunduma ba

Amurka tana da gundumomi sama da 3,100, masu kama da ƙananan hukumomi a wurinmu. Kuskuren da ake yi shi ne a ji an ce gunduma kaza karkara ce, sai a ɗauka duk gidan da ke cikinta ya cancanta. Ba haka abin yake ba. Layin yakan ratsa tsakiyar gunduma, wani lokaci ma tsakiyar titi, gidan hannun dama ya shiga, na hagu ya fita.

Ma'aunin doka shi ne: fili da ƙauyuka, da garuruwan da mutanensu ba su wuce 10,000 ba matuƙar suna da kamannin karkara, sai garuruwa masu mutum 10,000 zuwa 20,000 da ba sa cikin yankin babban birni kuma samun bashin gida ke wuya a cikinsu. Akwai kuma garuruwan da a da karkara ne amma suka bunƙasa. Dokar noma ta 2014 ta bar su cikin shirin har zuwa mutum 35,000, ta 2018 kuma ta tsawaita wannan har sai an sami alƙaluman ƙidayar 2030.

Ba sai ka haddace wannan ba. Ka shiga shafin eligibility.sc.egov.usda.gov, ka zaɓi shirin gidan iyali guda, ka rubuta cikakken adireshin gidan. Nan take zai gaya maka ko wurin ya cancanta. Wuraren da ba su cancanta ba an shafa musu launi a taswirar, don haka ka ja taswirar baya ka ga inda launin ya ƙare a kewayen birnin da kake aiki. Za ka yi mamaki. Karkarar USDA ba lallai ta zama daji ba. Sau da yawa unguwa ce mai kwalta da shaguna, tafiyar minti 30 ko 40 daga tsakiyar birni. Mai aiki a Greensboro, misali, ya duba gefen gundumomin Randolph da Rockingham da ke maƙwabtaka da ita, ya ga abin da taswirar za ta nuna masa.

Shawarata: kada ka kai iyali kallon gida sai ka buga adireshinsa a taswirar. Idan uwargida ta riga ta zaɓi inda za ta ajiye gado, sannan aka ce gidan yana bayan layi, kai ka san irin daren da za ka kwana.

Mataki na uku: lissafin kuɗin gida, inda mutanenmu suka fi tuntuɓe

Nan zan daɗe, domin nan ne tsarin zamanmu ke karo da tsarin takardarsu.

USDA tana yin lissafi iri biyu. Na farko don a ga ko ka cancanta: ana tara kuɗin da duk wani baligi da zai zauna a gidan yake samu, ko da sunansa ba ya cikin bashin. Matarka, ƙaninka da ya zo bara ya sami aiki a sito, surukarka mai karɓar fansho, duka ana haɗawa. Na biyu don a ga ko za ka iya biya: a nan kuɗin waɗanda suka sa hannu a bashin kaɗai ake dubawa. Ka ga ke nan albashin ƙaninka zai iya tura ka sama da iyaka, alhali ba zai ƙara maka ƙarfin karɓar bashi da ko dala ɗaya ba idan bai sa hannu ba.

Iyakar tana canzawa duk shekara, kuma ta bambanta daga gunduma zuwa gunduma. A 2024, a yawancin wurare, dala 112,450 ce ga gida mai mutum 1 zuwa 4, sai dala 148,450 ga gida mai mutum 5 zuwa 8. Yankunan da rayuwa ke da tsada suna da iyaka mafi girma. Lura da tsallen da ke tsakanin mutum huɗu da biyar: miji da mata da 'ya'ya uku sun shiga rukuni na biyu. A nan yawan iyalinmu ya zama riba. Adadin bana yana wannan shafin da ka duba taswira.

Kuma ba ɗanyen kuɗin ake gwadawa da iyakar ba, akwai abubuwan da ake cirewa. An daɗe ana cire dala 480 a kan kowane yaro da bai kai shekara 18 ba, da ɗalibi mai cikakken karatu, da naƙasasshe. Ana cire kuɗin renon yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa idan renon ne ke ba iyaye damar aiki ko karatu, kuma a Amurka wannan kuɗi ne mai kauri. Ɗanka ɗan shekara 19 da ke kwaleji yana ɗan aiki a shago, ba a lissafa duk abin da yake samu, ɗan kaɗan ne ke shiga. Saboda haka wanda ya ga ya haura iyaka da dala dubu biyu ko uku kada ya yi saurin cire rai.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ɓoye mutum. Takardar da za ka sa wa hannu ta gwamnatin tarayya ce, ƙarya a cikinta babban laifi ne, kuma ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna tana iya taɓa takardun zamansa. Idan ƙaninka zai koma sabon gidan da ku, a rubuta shi. Haka idan kana da gida ko fili a Kano ko Maraɗi ko Kumasi: fom ɗin yana tambayar kadarorin da ka mallaka, ka faɗa, jami'in bashi ya gaya maka yadda za a bi da shi.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen. Shirin na waɗanda ba za su iya samun bashin gida na yau da kullum ba ne. Wanda yake da tsabar kuɗin da za ta biya kashi 20 cikin ɗari na gidan da kuɗin takardu, kuma ya cika sauran sharuɗɗan banki, za a ce masa ya bi waccan hanyar.

Mataki na huɗu: takardun zama

Ɗan ƙasa ya cancanta. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, ya cancanta, haka ɗan gudun hijira da wanda aka ba mafaka. A 2022 an yi sassauci na wucin gadi ga wasu masu izinin aiki kawai, amma an janye shi a 2025. Idan labarin da ka ji daga aboki na waɗancan shekarun ne, ya tsufa. Wannan ita ce tambayar da za ka fara yi wa banki, kafin a taɓa rahoton kiredit ɗinka, wato tarihin yadda kake cin bashi da biyansa.

Mataki na biyar: kiredit da nauyin bashi

Ka ciro rahotonka daga Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke tara tarihin bashi, a shafin annualcreditreport.com, kyauta ne. Ka karanta shi layi-layi. Sunayenmu irin su Muhammad da Abubakar da Ibrahim suna da yawa, rubutunsu kuma iri-iri, don haka ka tabbata ba a liƙa maka bashin wani ba. Gyara yakan ɗauki wata guda ko fiye, shi ya sa ake fara shi da wuri.

Bankuna galibi suna son maki 640 zuwa sama. Da wannan, fayil ɗinka yakan bi ta na'urar tantancewa ta USDA da ake kira GUS cikin sauƙi. Ƙasa da haka ba a rufe ƙofa ba, sai dai mutum ne zai zauna ya duba fayil ɗin da hannu, ya nemi ƙarin hujjoji, kuma ba kowane banki ne ke son wannan wahalar ba. Wanda bai taɓa cin bashi ba sam, kuma irinsu suna da yawa cikinmu, zai iya kafa tarihinsa da shaidar biyan haya, wuta, ruwa, waya ko inshorar mota na wata 12. Shi ya sa biyan haya hannu da hannu ba tare da rasit ba asara ce. Daga yau ka riƙa biya ta banki.

Idan an taɓa ƙwace maka gida ko kotu ta yanke maka karayar arziki irin ta Babi na 7, akan jira shekara 3. Bashin gwamnatin tarayya da aka daina biya, kamar na karatu, yana tsayar da komai har sai an warware shi.

Sai ma'aunin nauyi. Wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne 29 da 41: biyan gida na wata, haɗe da haraji da inshora, kada ya wuce kashi 29 cikin ɗari na samunka kafin cire haraji, duka basussukanka kuma kada su wuce kashi 41. Mai kyakkyawan kiredit da ajiya akan ɗaga masa ƙafa. Ga misali: kana samun dala 5,000 a wata. Kashi 29 ya kama 1,450, kashi 41 kuma 2,050. Idan kana biyan 600 na mota da 150 na katin bashi, abin da ya rage wa gida 1,300 ne, ba 1,450 ba. Sabuwar motar da aka ɗauko don a fita kunya ranar sallah, ita ce ta cinye ɗaki guda.

Masu tuƙin Uber, masu tasi, masu motar kansu da masu shago, ku saurara da kyau. Banki ba ya duba abin da ya shiga hannunka, abin da ya rage a takardar haraji bayan ka cire kashe-kashe yake dubawa, kuma yakan nemi ta shekara 2. Wanda ya saba nuna wa hukumar haraji cewa kusan bai sami komai ba, banki ma haka zai ɗauke shi. Mai niyyar sayen gida baɗi ya zauna da mai cika masa haraji tun bana.

Mataki na shida: zaɓen banki da tara takardu

Ba kowane banki ne ke yin bashin USDA ba, kuma cikin masu yi ba kowane jami'i ne ya iya ba. Ka tambaye shi kai tsaye: guda nawa ka kammala bara? Ka nemi farashi daga wurare uku cikin mako biyu, domin binciken kiredit na bashin gida da aka yi kusa da juna ana ƙirga shi kamar ɗaya. Doka ta wajabta wa kowannensu ya ba ka takardar ƙiyasin bashi cikin kwanakin aiki 3 da cika fom. Tsarinta iri ɗaya ne a ko'ina, sai ka jera su ka gwada.

Za a nemi takardun albashi na kwanan nan, fom W-2 ko 1099 mai nuna samunka na shekara, da takardun haraji na shekara 2, bayanan asusun banki na wata biyu, katin shaida da takardar zama. Na kuɗin shiga da na banki, har na sauran manyan gida za a nema, to ka sanar da su tun da wuri kada abin ya zo musu kamar tonon asiri.

Batun adashi: idan kwasarka ta zo, dala dubu biyar ta faɗo asusunka rana ɗaya, banki zai tambayi daga ina. Ka tanadi bayani a rubuce da shaidar zubin da ka yi. Kyautar kuɗi daga ɗan'uwa ta halatta, amma da wasiƙar da ke cewa kyauta ce ba rance ba.

Mai bin ƙofar Direct kuma, ofishin raya karkara na USDA da ke kula da yankinsa zai nufa, ya cika fom RD 410-4, kuma idan gidansa na farko ne sai ya halarci darasin masu sayen gida.

Mataki na bakwai: gidan da kansa

Dole ya zama inda za ka zauna, kuma ka tare cikin kwana 60 da sa hannu. Ba gidan haya ba, ba gidan hutu ba. Abin dariya, duk da Ma'aikatar Noma ce, wannan bashin ba na gona ba ne. Fili mai faɗi ba laifi idan haka gidajen yankin suke, amma gidan da ainihinsa wurin sana'a ne, mai rumbuna da garken kasuwanci, ba ya shiga. Mai son gona ta gaske, wani sashe ne na ma'aikatar mai suna FSA ke ba da bashinta.

Banki zai turo mai kimanta gida ya faɗi darajarsa, ya kuma duba rufi, wuta, ɗumama ɗaki da hanyar shiga, wadda dole ta zama mai biyuwa rani da damina. Amma shi don banki yake aiki. Kai ka ɗauki naka mai binciken, ka biya 'yan ɗaruruwan daloli, ka bi shi ɗaki-ɗaki.

A karkara abu biyu ne ke ƙarƙashin ƙasa da ɗan birni ba ya tunawa: rijiya da sokawe. Gidaje da yawa ba su da ruwan gwamnati, rijiyar burtsatse ce da famfon lantarki. Banki zai nemi gwajin ruwa, amma bayan ka tare babu hukumar da za ta zo ta duba maka, domin dokar ruwan sha ta tarayya ba ta shafi rijiyar gida ba. Gwaji sau ɗaya a shekara naka ne. Sokawe kuma ana kwashe shi duk shekara 3 zuwa 5, kuma an gina shi ne bisa yawan ɗakunan kwana. Gida mai ɗaki uku da aka zuba wa mutum tara, ga wanki ga baƙi, zai nuna gajiyarsa da wuri, kuma sabunta shi yakan ci dubban daloli masu yawa. Ka biya a buɗe shi a duba kafin ciniki ya faɗa.

Ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya. Gidan da ke yankin haɗari sai da inshorar ambaliya, wadda za ta hau kan biyanka na wata. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma, mai sayarwa dole ya ba ka takardar gargaɗi kan fenti mai dalma, abin lura ga mai ƙananan yara.

Mataki na takwas: ciniki, jira, sa hannu

Babu kafin alƙalami ba ya nufin babu kashe kuɗi. USDA tana karɓar kashi 1 cikin ɗari na bashin a farko, da kashi 0.35 duk shekara. Wannan farashin tun Oktoban 2016 yake. A gidan dala 220,000, na farkon ya kai kimanin 2,200, kuma ana iya cusa shi cikin bashin. Na shekara kuma kimanin dala 65 a wata, yana raguwa yayin da bashin ke raguwa. Idan ka gwada da FHA mai karɓar kashi 1.75 a farko, za ka ga sauƙin.

Kuɗin rufe ciniki, na lauya ko kamfanin takardun mallaka, na kimantawa, inshorar shekarar farko, suna nan. Hanya biyu ake rage su. Mai sayarwa zai iya ɗaukar har kashi 6 cikin ɗari na farashin, don haka dillalinka ya sa wannan cikin tayi. Kuma idan mai kimantawa ya ce darajar gidan ta fi farashin da kuka daidaita, ana iya sa kuɗin takardun cikin wannan ratar. Duk da haka ka tanadi kuɗin kama ciniki da na bincike a hannu.

Bayan banki ya gama nasa, fayil yakan tafi USDA ta ba da amincewarta. Wannan ƙarin zangon ne ke sa bashin ya fi sauran daɗewa, to ka nemi isasshen lokaci a yarjejeniyar sayen. Ka kuma lura da kalanda: shekarar kuɗin gwamnati tana farawa 1 ga Oktoba, kuma idan majalisa ta kasa amincewa da kasafi aka rufe ma'aikatu, fayiloli sukan tsaya cak. Haka aka yi a rufewar kwana 35 ta ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019.

A duk wannan lokacin kada ka sauya aiki, kada ka ɗauko kujeru bashi, kada ka tsaya wa kowa a bashin mota. Ana sake duba kiredit dab da ƙarshe. Takardar ƙarshe ta lissafi za ta zo maka aƙalla kwanakin aiki 3 kafin ranar sa hannu. Ka gwada ta da ƙiyasin farko. Idan saƙon imel ya zo yana cewa an canza asusun da za ka tura kuɗi, ka kira ofishin da lambar da ka riga ka sani. 'Yan damfara sun ƙware a wannan gaɓar.

Zaman gundumar karkara

Taswira ta ce ka cancanta, amma ba ta san ranar Juma'a ba. Kafin ka sa hannu, ka tuƙa daga gidan zuwa wurin aiki da safiyar Litinin, ka tuƙa zuwa masallaci mafi kusa, zuwa shagon naman halal, zuwa asibitin da ke karɓar haihuwa. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne: asibitocin karkara sama da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya a Amurka tun 2010. Ka tambayi jama'ar masallacin inda suke binne mamatansu. Tambaya ce mara daɗi, amma gara a yi ta da rana tsaka.

Bas da jirgin ƙasa galibi babu. Gida mai manya biyu mota biyu yake buƙata, kuma matar da ba ta tuƙi za ta zama kamar a kulle, ba maƙwabciyar da za ta leƙa su gaisa da Hausa. Na fi ganin wannan yana mayar da iyali birni fiye da kuɗi. Ka lissafa mai, taya da inshorar mota ta biyu cikin kuɗin gida. Wani lokaci abin da aka rage a haya a hanya yake ƙonewa. Da daddare kuma a yi hattara da barewa, musamman a watannin Oktoba zuwa Disamba.

A wajen gari, ofishin sherif ne 'yan sandanka, masu kashe gobara kuma sau da yawa 'yan sa-kai ne, kuma nisan gidanka da tasharsu yana shafar kuɗin inshora. Ɗumama ɗaki galibi da gas ɗin furofen ne da mota ke kawowa a cika tanki, ka tambaya ko tankin na gidan ne ko na haya. Idan wuta ta ɗauke, famfon rijiya ma ya tsaya, to ƙaramin janareto zai dawo rayuwarka, abin da ka ɗauka ka baro a gida. Shara wani wurin kai za ka kai juji. Intanet kuwa, ka buga adireshin a taswirar hukumar sadarwa ta FCC, sannan ka tambayi maƙwabci, domin shi ne zai gaya maka gaskiya. Idan hanyar gidan ba ta gwamnati ba ce, ka nemi sanin wa ke gyara ta, wa ke share ƙanƙara.

Harajin gida gunduma ce ke sawa, yakan fi na birni sauƙi, kuma jihohi da dama suna rage shi ga wanda ke zaune a gidansa, amma sai ka je ofishin haraji ka cika fom. Makarantar yara ma adireshi ne ke yanke ta.

Daɗinsa kuma akwai shi. Fili ne da za ka shuka kuɓewa da yakuwa da barkono, yara su yi gudu ba mai buga silin daga ƙasa. A wurare da yawa za ka iya kiwon kaji, har da 'yan awaki, amma ka tambayi ofishin tsara filaye na gunduma tukuna, ka kuma karanta ƙa'idojin unguwa idan akwai, musamman kan yanka a gida lokacin layya. Manoman yankin da yawa suna sayar da rago kai tsaye, kuma wanda ya saba da su yakan huta da tsadar birni.

Wataƙila ku ne baƙaƙen fata ko Musulmi na farko a layin. Dokar adalcin gidaje ta 1968 ta haramta wa mai sayarwa, dillali ko banki nuna bambanci saboda launi, addini ko ƙasar asali, kuma ana kai ƙara ma'aikatar gidaje ta HUD. Doka ke nan. Zaman yau da gobe kuma, a karkara maƙwabci ne mai taraktar da zai ja motarka daga laka, don haka ranar da kuka tare, a kai musu gaisuwa da ɗan abin taɓawa kamar yadda aka saba a gida.

Wanda samunsa bai kai ko'ina ba amma yana da ƙarfin jiki, ya tambayi ofishin USDA na jiharsa ko akwai shirin gina gida na taimakon kai da kai, na Sashe na 523, a kusa. Aikin gayya ne sak: iyalai kaɗan su haɗu ƙarƙashin mai kula da gini, su yi kusan kashi 65 cikin ɗari na aikin da hannunsu, kuma ba wanda zai tare sai an gama gidan kowa. Idan kuma gidan ya tsufa a hannunka, Sashe na 504 yana ba masu ƙaramin ƙarfi sosai bashin gyara har dala 40,000 a kan kashi 1 cikin ɗari na shekara 20, da tallafin da ya kai dala 10,000 ga wanda ya kai shekara 62.